Ragar wayar da na saya a kasuwar Wudil

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na sayo ragar waya mai ƙananan ramuka a shagon wani mai kayan gini, don kaji sun hana alayyahona da yakuwa sakat a bayan gida. Dangar kara ba ta tare su, ta ƙasa suke tonowa.

Mai shagon ya kyauta min. Shi ya ce, "Malam, ka binne gindinta kamar taƙi guda a ƙasa, ka kafa dirkoki kusa-kusa." Haka na yi, kuma tun daga nan ko ɗan tsako bai shiga ba. Kubewa ta yi fure, tumatir ya nuna ba wanda ya tsattsage shi. Kashin kajin kuma ina tara shi gefe, sai ya ruɓe nake zubawa, domin ɗanye yana ƙona shuka.

Zabi ne dai suka gagare ta, sama suke bi, sai da na rage musu gashin fiffike ɗaya. Damina kuma ta sa wajen da ke taɓa ƙasa ya fara tsatsa. Wanda zai saya ya nemi mai kauri, ko da kuɗinta ya ɗan ɗara.