top ko htop: wanne sabon shiga Linux zai riƙe?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya sayi laftof ta hannu a kasuwar Circle, mai RAM giga 4, ya ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux. Yanzu fanka na ta kuka, komai na jan ƙafa. Wani ya ce masa ya duba da top, wani ya ce htop, manhajoji biyu masu nuna ayyukan da ke cin furosesa da RAM. Yana tambayar wanne ya fi.

Malam, ka fara da htop, amma kada ka yar da top.

top yana zuwa da Ubuntu. Buɗe taminal (tagar rubuta umarni), rubuta top, zai riƙa sabunta kansa duk daƙiƙa 3. Babban P yana jera ayyuka bisa cin furosesa, babban M bisa cin RAM, q kuma fita. htop sai ka sauke shi da sudo apt install htop, kuma ƙarami ne, ba zai cinye maka data ba. Yana da launi, yana karɓar linzami, F6 jerawa, F4 tacewa da suna, F9 kashewa. Wajen kashe aiki ne ya fi sauƙi nesa: a top sai ka danna k ka rubuta PID, wato lambar aikin, da hannu, kuskuren lamba ɗaya ka kashe wani abin. Ko a wanne, za a tambaye ka siginar da za a aika wa aikin: fara da sigina 15, wadda ke ba manhaja damar rufewa cikin tsari. Ta 9 yanke take yi nan take, abin da ba ka adana ba ya tafi.

Abu guda na ruɗa sababbi a htop: za ka ga Firefox layi-layi, kowanne da RAM iri ɗaya. Yawancinsu zare ne na aiki guda, danna babban H su ɓuya. Kuma a ginshiƙan RAM, RES za ka duba (abin da aikin ke riƙe da shi a zahiri), ba VIRT ba.

Ga inda top ya yi zarra, kuma ina zargin nan ciwonka yake. A layin %Cpu(s) akwai wa, wato lokacin da furosesa ke zaune yana jiran faifan ajiya. htop ba ya ware wannan sai ka shiga F2 ka kunna. In wa na hawa 20 ko 30 alhali furosesa ba ya wani aiki, wataƙila RAM ta cika, injin ya koma jibge kaya a swap (wurin da ke maye gurbin RAM a faifai) kan tsohon faifai mai juyawa. Tabbatar da umarnin free -h: duba available, ba free ba, domin Linux na aron RAM da ba kowa ya yi ma'ajiyar wucin gadi, ya mayar in an buƙata. In available ya faɗi ƙasa da mega 300 kuma swap na ƙaruwa, rage shafukan burawza, sannan ka nemi ƙarin RAM ko SSD, faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa.

A saman top da htop kuma akwai load average, wato matsakaicin nauyin aiki a kan injin: lambobi ukun na minti 1, 5 da 15 ne. Rubuta nproc don ganin yawan furosesoshin injin, in ya ba ka 4 kuma lambar minti 15 ta haura 4, ayyuka na bin layi.