Masaukin shafin PHP: wanne ya dace da kai?

Masu shaguna a Garwa da Marwa sun fara neman a yi musu shafin intanet, samarin da suka koyi kwamfuta a jami'ar Ngaundere kuma suna neman inda za su ɗora aikinsu. Duk su biyun tambaya ɗaya ke tsayar da su: wane masauki, wato wurin ajiye shafi a intanet, za a biya? Amsar tana cikin yadda PHP, yaren rubuta wa kwamfuta umarni da ake gina shafuka da shi, take aiki, don haka daga nan ya kamata a fara.

PHP ba a wayar mai ziyara take gudana ba. Idan mutum ya buɗe shafinka daga Kusiri, burauzarsa tana aika buƙata zuwa wata kwamfuta mai nisa, wato sabar. Can ne ake karanta umarnin da aka rubuta tsakanin <?php da ?>, a ciro sunan kaya da farashinsa daga rumbun bayanai irin MySQL, a haɗa su cikin HTML a mayar masa. Shi bai taɓa ganin umarnin ba, sakamakon kawai yake gani. Wannan ne ya bambanta ta da JavaScript, wadda asali a cikin burauza take aiki. Rasmus Lerdorf ne ya fitar da PHP a 1995, kuma WordPress (manhajar haɗa shafi) da Wikipedia da ita aka gina su. Ma'ana dai, kuɗin masauki hayar injin da zai riƙa karanta maka PHP ne dare da rana.

Mai koyo kada ya biya ko dala. Ya saukar da XAMPP, kyauta ne, yana ɗauke da Apache (manhajar sabar) da MariaDB (rumbun bayanai irin MySQL) da PHP a wuri guda, ya mai da laftop ɗinsa sabar. Ba ya buƙatar data bayan saukarwar, kuma in an ɗauke wuta batiri ya ishe shi ya ci gaba. Matsalarsa ɗaya, ba wanda zai ga shafin sai shi.

Masaukin haɗaka, wanda kamfanoni masu tallar Faransanci ke rubutawa mutualisé, shi ne na yawancinmu. Kamar ɗaki ne a gidan haya: sabar ɗaya, masu shafuka da yawa, mai gida ke gyara abin da ya lalace, amma in maƙwabci ya cika jan ruwa kowa zai ji a jikinsa. An riga an saka PHP da MySQL, galibi da cPanel, allon sarrafa masaukin, inda za ka ɗora WordPress da dannawa kaɗan. Ga mai sayar da atamfa, ko makarantar Islamiyya da ke son sanar da ranar komawa hutu, wannan ya isa har ya yi yawa.

Sai dai a nan ake yawan cutar mutane, saboda haka ka tambayi sigar PHP kafin komai. An daina toshe ɓarakar tsaro a PHP 5.6 tun ƙarshen 2018, a 7.4 kuma tun Nuwamba 2022. PHP 8 ta fito a Nuwamba 2020. Duk wanda ya ce zai ajiye ka a kan 5 ko 7, komai arahar sa, ka wuce. Ka duba kuma ko za a bar ka ka sauya siga da kanka, ko takardar tsaro ta SSL tana cikin kuɗin (Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, don haka babu dalilin da za a caje ka da tsada), da ko suna ajiye kwafin shafin kullum. Farashin da ke kan talla sau da yawa na shekarar farko ne, na sabuntawa shi ne na gaskiya.

VPS kuwa yanki ne na sabar da aka ware maka kai kaɗai. Kai za ka saka Linux da PHP, kai za ka sabunta, in ya faɗi cikin dare kai za ka tashi. Ya dace da mai gina manhaja da Laravel (tsarin gina manhaja da PHP) ko mai son haɗa Node.js (hanyar gudanar da JavaScript a sabar). In ba ka saba da rubuta umarni a baƙin allo ba, tsada ka saya da ciwon kai.

Hanyar biya ma abin dubawa ce. Kamfanonin Turai yawanci katin banki suke nema, ga shi a nan Kamaru Orange Money da MTN MoMo aka fi riƙewa, a Njamena kuma Airtel Money da Moov. Shi ya sa da yawa ke bi ta hannun dillali na gida wanda ke karɓar sefa ta waya. Ba laifi ba ne, amma ka tsaya kai da fata a yi rajistar sunan shafin, .cm ne ko .td ko .com, da sunanka da imel ɗinka, kuma a miƙa maka kalmar sirrin cPanel ranar da ka biya.