Sharhi: Yadda PostgreSQL ke nuna aikin da ya hana ka goge bayani

Manhajar lissafi da ajiyar kaya da muke aiki da ita tana kan PostgreSQL ne, wato tsarin da ke riƙe rumbun bayananta, kuma ƙorafin da ma'aikata suka fi kawo mini guda ne: sun danna maɓallin gogewa, allo ya yi ta juyawa, ƙarshe saƙo ya fito cewa ana amfani da bayanin. Wa ke amfani da shi? Manhajar ba ta faɗa. Shi ya sa na koma leƙa rumbun bayanan kai tsaye, kuma kayan binciken da na samu a ciki sun gamsar da ni ƙwarai.

Abu biyu na fi dogara da su, pg_stat_activity da pg_blocking_pids; na biyun ya shigo da sigar 9.6 a 2016. Na farko yana jera duk wanda ke haɗe da rumbun, da umarnin da yake gudanarwa, da lokacin da ya buɗe mu'amalarsa (transaction), wato jerin umarnin da ake tabbatarwa ko warwarewa gaba ɗaya. Na biyu kuwa, da ka ba shi lambar aikin da ya maƙale, sai ya miƙo maka lambar wanda ya tare masa hanya.

A nan na ga abin da ke rikita mutane. Karatu kawai ba ya hana gogewa a PostgreSQL, don haka rahoton da ke gudana da dare galibi ba shi da laifi. Wani lokaci ma aikin da ya tare ka, irin wanda manhajar ke gudanarwa da kanta a bayan fage, bai taɓa bayanin da kake son gogewa ba. Ka ɗauka kana son cire sunan wani abokin ciniki, alhali aikin haɗa takardun biya ya saka sabon layi da ke nuni zuwa ga sunan, bai kuma rufe mu'amalar ba. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe layin abokin cinikin, gogewarka ta tsaya jira. In mu'amalar ta kammala, sai ka sami wani kuskuren daban, na cewa akwai bayanan da suka dogara da shi.

Mafi cutarwa shi ne aikin da ya buɗe mu'amala ya zauna, ba ya komai, bai kuma saki makullin da ya sa wa bayanin ba, kamar wanda ya kulle ɗaki ya tafi da mabuɗi a aljihu. Irin wannan pg_cancel_backend, mai soke umarnin da ke gudana, ba ya yi masa komai, tunda babu umarnin da zai soke. Sai pg_terminate_backend, wanda ke yanke haɗin ya warware duk abin da aikin bai tabbatar ba. Ina roƙon masu kula da rumbu su yi hattara a nan. A fara dakatar da aikin daga jadawalin manhajar, in ba haka ba zai sake tashi ya kama makullin. A kuma duba abin da yake yi tukuna, domin yanke aikin albashi a tsakiya ba ƙaramin abu ba ne.

Kayan suna da iyaka. Halin da ake ciki yanzu kawai suke nunawa, don haka in kana son sanin abin da ya faru jiya da dare sai ka kunna log_lock_waits, saitin da ke rubuta doguwar jiran makulli a kundin tarihi, tun da wuri. Rubutun umarni ma ana datse shi a bayit 1024 in ba a ƙara ba, kuma ganin umarnin wasu yana buƙatar izini irin na pg_monitor.

Ni dai na ba da shawarar a saita idle_in_transaction_session_timeout, wanda ke yanke haɗin aikin da ya daɗe zaune da mu'amala a buɗe, ga asusun ayyukan bayan fage, a kuma sa kowane aiki ya rubuta sunansa a application_name, gurbin sunan da ke fitowa a pg_stat_activity. Tun da muka yi haka, in gogewa ta maƙale, sunan aikin nake gani a jerin, in kira mai shi mu yanke shawarar jira ko tsayarwa.