Kwana tara a sansanin ɗaukar fim na gefen Tiga

Aikina ɗaukar sauti. Ni ne mutumin nan da ke tsaye a bayan kyamara da doguwar sanda mai gashi a baki, kunne a toshe, fuska a murtuke. Shekarata 11 a wannan sana'a, kuma babban abokin gabata shi ne hayaniyar Kano. A cikin birni da wuya ka ɗauki maganar minti biyu ba a yi maka hon ɗin a-daidaita-sahu ba, ko maƙwabta su tayar da injin markaɗe. Shi ya sa da furodusa ya ce za mu tare a wani sansani kusa da dam ɗin Tiga don wani fim mai dogon zango, na riga kowa murna.

Wurin na wani bawan Allah ne da ya yanki gonarsa ya gina ƙauye sukutum: bukkoki, zaure, rumbuna, rijiya, da fada ta ƙasa mai zane a bango. A baya kuma akwai ɗakunan bulo na kwana. Duk a ƙasar Bebeji ne, inda a 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa. Abin da gwamnati ta bari, ga mutum ɗaya ya taɓa daidai ƙarfinsa.

Mun tashi daga titin Gidan Zoo bayan asuba, bas biyu da a-kori-kura ɗaya ɗauke da fitilu. Hanyar Zariya ce, a wuce Tamburawa da Kura, kwalta har kusa. Ƙarshen ne burji, tafiyar kamar minti 20, kuma ƙaramar mota ba ta jin daɗinsa. Wata jarumarmu ta ƙi shiga bas, ta taho da tata, dutse ya fasa mata tankin baƙin mai. A nan motar ta kwana biyu.

Amma shirun wurin, tabarkalla. Safiyar farko da na sa abin ji a kunne, kukan kurciya na jiyo daga can nesa, sai takun ɗan wasa a kan karan dawa, ƙaras ƙaras, kowane taku daban. Akwai wani sin, wato fitowa ɗaya a cikin fim, da tsohuwa ke yi wa jikarta faɗa cikin raɗa. A birni da sai mun koma situdiyo ta sake maganar a kan hoto, kuma kowa ya san muryar da aka ɗora ba ta taɓa zama daidai da ta asali. A nan ɗauka ɗaya muka yi, har numfashinta ya fito. Abu biyu ne kawai suka riƙa tsayar da mu, shanun Fulani in za su gangara ruwa, da injin niƙan ƙauyen da ke kusa, wanda ake tayarwa bayan la'asar. Shanun dai haƙuri ake yi su wuce. Mai injin kuwa, mai unguwa ya yi masa magana, muka ɗan ba shi na goro, ya riƙa jinkirta mana awa ɗaya.

Inda aka yi mana ba daidai ba shi ne wuta. An ce akwai janareto, kuma akwai shi. Sai dai an ajiye shi a ɗakin kwano a bayan fadar, taku goma bai cika ba, kwanon yana ƙara masa amo kamar ganga. Na sami mai wurin na ce, "Alhaji, injin nan fa yana shiga cikin maganar sarki." Ya ce, "Malam, duk waɗanda suka zo kafin ku babu wanda ya yi ƙorafi." Na ce, "Alhaji, ai su waƙa suka zo ɗauka, baki kawai ake motsawa." Ya yi dariya, ya yarda, amma ba shi da waya mai tsawo. Sai da muka tura yaro Kano ya sayo mita 100, muka ja injin zuwa wani kwari a bayan dutse, muka kewaye shi da buhunan yashi. Rabin yini ya tafi a banza, darakta na ta cika yana batsewa. Man fetur ma a zo da shi a jarkoki. Gidan mai da nisa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wanda ya dogara da 'yan bumburutu zai ji a jikinsa.

Abinci kam ba ni da abin cewa. Wata dattijuwa ce ke girki, kowa Inna yake ce mata. Ƙarfe shida da rabi kunu da ƙosai sun sauka, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo da miyar kuka, wani lokaci da karfasa ɗanya shar daga dam. Ranar da muka kai ƙarfe ɗayan dare muna aiki, mun dawo mun tarar ta rufe tukunya a kan garwashi tana gyangyaɗi a gefe. Na ce, "Inna, da kin kwanta ai." Ta ce, "Ɗan nan, in kwanta ku ci sanyi?"

Ɓangaren mata da ƙofarsa da banɗakinsa daban, kuma wannan ya kwantar wa kowa da hankali. Mu maza mu 23 banɗaki biyu aka ba mu, layi tun kafin kiran assalatu. Lokacin hunturu ne, sanyin bakin ruwa kuwa ba irin na Kano ba ne, ruwan zafi tukunya ɗaya, wanda ya makara ya yi wanka yana salati. A zo da bargo mai kauri, da ƙyallen rufe kyamara saboda ƙura.

Sabis ɗin waya a kan wani dutse guda ake samunsa, da magariba za ka gan mu jere a kai kamar 'yan kallon wata. Babu mai POS, mutanen ƙauyen da suka fito a matsayin jama'ar fada kuma kuɗi a hannu suke so, don haka a riƙo tsaba. A riƙo akwatin magani ma. Kunama ta harbi wani yaron fitila da dare, ko farasitamol babu a sansanin, sai a babur aka kai shi wurin mai kemis.

Zan koma, musamman in fim ɗin na magana ne, da sharaɗin a tafi da waya mai tsawo da mai na kwana uku a gaba, a kuma tambayi halin burjin in damina ce. Kafin mu taso na roƙi kowa ya yi tsit, na ɗauki minti huɗu na iskar wurin kawai. Har yanzu ita nake shimfiɗawa a ƙarƙashin sina-sinan ƙauye da aka ɗauka a bayan Hotoro.