A fita da su waje, ko a kwaso ganyen a kawo aji?

Malama tun jiya na ga tambayarki, cewa kina riƙe da 'yan aji uku kuma kina so darasin zane ya haɗu da ganye da duwatsu da itatuwa, amma kin rasa wanne ya fi, ki fita da yaran waje ko ki tsinto kayan da kanki ki zube musu kan tebur. Ni dai na gwada duka biyun, kuma gaskiya ba abu ɗaya suke koyarwa ba.

Ki ce da yaro ɗan shekara 8 ya zana bishiya yana zaune kan benci, layi biyu zai ja ya ɗora musu dunƙulen kore a ka kamar lema, kuma duk ajin haka za su kawo miki sai ka ce kwafa suka yi. Ba bishiya ya zana ba, abin da ya haddace ya zana. Amma ki tsayar da shi a gindinta minti biyar kawai, sai ki ji yana cewa Malama ashe jikinta ba ruwan ƙasa ba ne, akwai toka-toka, akwai tsaga, ga tururuwa na hawa, kuma inuwar da ya fara zanawa kafin ya gama ta matsa. Wannan kam, zaman aji ba zai taɓa ba shi ba. In ke kika tsinto ganyen to ke kika yi kallon, ke kika zaɓa, shi sai dai ya karɓa, kuma ai zaɓen nan shi ne rabin darasin.

Akwai wani mai fasaha ɗan Birtaniya, Andy Goldsworthy, an haife shi a 1956, aikinsa ke nan jera ganye da duwatsu da ƙanƙara a inda ya same su, har da ƙaya yake ɗinke ganye, ya ɗauki hoto ya tafi ya bar wa iska da ruwa su wargaza. Daga wajensa na ari aikin da ya fi min tafiya a waje: kowane rukuni su nemo ganye goma su jera daga mai duhu zuwa mai haske. Za ki sha gardama kan wanne koren ya fi wanne, ki ƙyale su, a gardamar suke koyon kala.

To amma kar a raina aji. Duk abin da ke son tebur da ruwa da natsuwa a ciki ya fi kyau. A sa ganye ƙarƙashin takarda a goga fensir jijiyoyinsa su fito raɗau, dabarar da wani mai zane haifaffen Jamus, Max Ernst, ya mayar babban aiki a 1925 bayan ya goga takarda kan katakon daɓen ɗaki, in kika gwada ta a fili iska ce za ta yi ta kwashe takardun kina bi. Haɗa fenti ma haka, a daka jar ƙasa da gawayi a tankaɗe a kwaɓa da ruwa da ɗan gam, kusan irin kayan da aka zana dawakai da bijimai da su a kogon Lasko na Faransa wajen shekara 17,000 da suka wuce. A matse jan fure ko shuɗi a shafa a takarda, a ɗiga lemon tsami kalar ta ƙara ja, a ɗiga ruwan toka ta juya kore-kore, yara har ihu suke. Sai dai kalar fure ba ta jimirin rana, kar ki liƙa ta kusa da taga. Kuma mu faɗi gaskiya, aikin aji shi ne ake iya ba wa maki, shi hedimasta zai gani, shi yaro zai kai gida.

Wajen riƙe yara kam aji ya yi nasara ba musu. Fitar farko hargitsi ce, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Makarantun daji, wato inda ake koyar da yara a waje cikin itatuwa, da suka faro a Denmak a shekarun 1950, waɗanda malaman kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je suka gani a 1993 suka kai tsarin ƙasarsu, ba da fita ɗaya suke yi ba, a kai a kai ne, wuri ɗaya, yara kaɗan manya da yawa. Ke kuma ke kaɗai ce ƙila da aji cike. Don haka ki shata iyaka da igiya ko duwatsu, ki riƙe usur, aiki ɗaya tak, minti 20 ya isa. Abin da ya faɗo ƙasa kawai za a ɗauka, ba a kai komai baki, dutse da sanda ake juya shi ba da hannu ba saboda kunama, a wanke hannu in an dawo. Kuma ba sai da daji ba, bishiya ɗaya a harabar makaranta ta ishe ki zango guda in kina komawa kuna duba yadda take canzawa.

In ni ce ke, sati ɗaya waje, sati na gaba aji da kayan da su da kansu suka tsinto, kowa da 'yar ledarsa da sunansa. Ki cika cajin wayarki ranar fita, don akwai wacce ta yi min kuka sosai da ta dawo washegari ta tarar an share da'irar duwatsunta, ni kuma ban ɗauki hoto ba.