Mazurarin V60 bayan wata huɗu: gahawar ta yi, takardar ta ci min tuwo a ƙwarya

Wata huɗu ke nan da mazurarin V60, wato na tace gahawa da takarda, ya shigo gidana, kuma in ka cire wasu kwana 11 da har yanzu nake jin zafinsu, babu safiyar da ban ɗora shi a bakin kofi ba. Na tangaran ne, fari, girmansa lamba 02, na kamfanin Hario na Japan. Tare na saye shi da buta mai dogon wuya da ɗan sikeli a wajen wani mai sayar da kayan gahawa a Instagram, aka sako min su a mota daga Abuja zuwa nan Jos. Mai kayan ya haɗo min da takardar tacewa guda 40 a matsayin gyara. A lokacin har addu'a na yi masa.

Ni mutumin gahawar gwangwani ne tun ina makaranta. Cokali guda, madara, sukari, a kaɗa a kora da burodi. Ban taɓa tsammanin akwai wani abu a cikin gahawa bayan ɗaci ba. Wani abokin aikina ne ya dawo daga Gembu da ƙwayar gahawar Mambila, ya kai aka soya masa, ya ɗibar min a kwalba ya ce kada in kuskura in daka ta a turmi in zuba a tukunya, in nemi mazurari. Dalilin sayen ke nan.

Safiyar farko ba zan manta da ita ba. Na dawo daga masallaci, gari bai gama wayewa ba, gidan tsit. Na auna giram 15 na niƙa a injin hannu, na naɗe gefen takardar na zaunar da ita a mazurarin, na wanke ta da ruwan zafi na zubar da ruwan. Da na zuba garin na ɗiga masa ruwa kamar giram 40, sai na ga ya kumbura yana tasowa kamar ƙullin waina da ya kwana, ƙananan kumfa na fashewa a samansa. Iskar da suya ke bari a cikin ƙwayar ce take fita, kuma sabuwar suya ce kawai ke yin haka sosai. Ƙamshin da ya tashi a sakan 40 ɗin da na tsaya jira shi ya fito da uwargida daga ɗaki tana tambayar me nake soyawa da asubar nan. Na ci gaba da zuba ruwa a hankali ina zagayawa har sikeli ya nuna 250. Minti uku da 'yan kai komai ya tsiyaye. Na kurɓa babu sukari babu madara, don in ji gaskiyarta. Wallahi akwai zaƙi a ciki, da wani ɗan tsami mai daɗi irin na tsamiyar da aka jiƙa sama-sama, kuma babu gari ko ƙwaya ɗaya a gindin kofin. Na zauna a bakin ƙofar kicin na shanye shi tas, ina jin haushin shekarun da na yi ban san wannan ba.

Mazurarin kansa ba shi da wani sirri. Siffar V gare shi, kusurwarsa digiri 60, daga nan sunan ya fito. A cikinsa akwai layuka masu murɗewa da suke hana takarda mannewa a jiki don iska ta samu hanya, sai rami ɗaya babba a ƙasa. Saboda girman ramin nan, babu abin da ke riƙe ruwa sai garin da takardar. In niƙanka ya yi laushi da yawa ruwan zai tsaya ya ƙi sauka, ka sha ɗaci da bauri. In ya yi tsaki-tsaki ruwan zai wuce kamar an zuba a kwando, ka sha tsami tsululu. Sati guda na yi ina juya maɓallin injin niƙa kafin na tsaya a inda garin ke fitowa kusa da gishirin girki, ya ɗan fi shi kauri kaɗan. Wani abin da zaman Jos ya sauƙaƙa min shi ne zafin ruwa. Ana so ya kasance tsakanin digiri 92 da 96, mu kuwa a kan tudun nan ruwa na tafasa ne a wajen 96 saboda tsayin ƙasar, don haka daga kan wuta sai cikin mazurari, ban taɓa sayen ma'aunin zafi ba. Sai dai sanyin Jos ɗin ya karɓe abin da ya bayar. Tangaran da ya kwana a kicin cikin hunturu ƙanƙara ne, in ba ka kwarara masa ruwan zafi sosai tun farko ba zai shanye zafin ruwanka, gahawar ta fito lami. Da na san haka na roba zan saya, ya fi riƙe zafi, kuma ba na fargabar yara su ture shi.

Da a makonnin farko na rubuta wannan sharhi, tauraro biyar zan bayar ban ko yi tunani ba. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Takarda 40 ɗin nan ba ta cika wata ba, don wasu ranakun uwargida ma takan ce a yi mata. Da na ga saura biyar na tura wa mai kayan saƙo ya aiko min da ƙunshin 100, na rubuta masa ɓaro-ɓaro: V60, lamba 02, fara. Na tura kuɗi har da na mota. Sai da aka yi kwana huɗu kafin kayan su iso, ranar da suka iso kuma ita ce ranar da Kawuna ya sauka a gidana. Ban buɗe ledar ba sai da safe.

Kawun nan nawa ya yi shekaru a Sudan, can ya koyi shan jabana, wadda ake soya ƙwayar a gabanka a daka, a dafa da citta a ɗan tulun ƙasa, a zuba a ƙananan kofuna. Shi kaɗai ne a danginmu ya san gahawa, kuma tun da na fara wannan harka shi nake ɗokin in haɗa wa. Tun dare na yi masa albishir. Bayan asuba na shimfiɗa masa darduma a falo, na jero kayana a faranti a gabansa don ya ga yadda ake yi, na yage ledar. Takardun da na gani ruwan ƙasa ne, ba su da sunan kowane kamfani, kuma gindinsu a shafe yake da ɗinki a kwance, irin na mazurari mai faɗin ƙasa. Ta V60 tsini gare ta, tana sauka har ta leƙo ta ramin. Wannan kuwa zama ta yi a karkace, gefe ɗaya ya manne, gefe ɗaya ya buɗe baki. Ta ƙarshe a cikin tsofaffin na yi amfani da ita jiya. Na ce bari in lallaɓa.

Na wanke ta, na zuba gari, ya kumbura kamar kullum, har Kawu ya matso yana cewa, "Ikon Allah, ɗana, numfashi take yi." Ina cikin zuba ruwa na biyu, sikeli na nuna 150 da wani abu, sai na ji fat. Ɗinkin gindin ya ɓalle, don babu abin da ya tare shi a saman ramin. Gari da ruwan zafi suka zube cikin kofin gaba ɗaya, suka fantsamo kan faranti, har kan dardumar da gefen rigar Kawu. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, takardar ce ba tasa ba." Ya ce ba komai, yana kakkaɓe riga.

Na sake niƙa wani giram 15 daga ɗan abin da ya rage na Mambila. Wannan karon na naɗe gindin takardar na mai da shi tsini, na haɗa biyu. Ba ta fashe ba, amma ruwan ya tsaya cak, sai ɗiga yake kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Minti bakwai muna zaune muna kallonsa. Abin da ya sauko ya huce, ga ɗaci, ga wani wari na jiƙaƙƙen kwali da wankin takardar bai fitar ba. Kawu ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe kofin a hannu bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, a samo min ƙaramar tukunya da citta." Shi ya haɗa mana gahawar safiyar nan a kicin ɗina, da ragowar ƙwayata, kuma ta yi daɗi. Amma abin da na yi wata guda ina so ya ɗanɗana bai ɗanɗana ba, washegari kuma ya wuce.

Na kira mai kayan. Amsarsa ce ta fi fashewar takardar ƙona min rai. Cewa ya yi, "Yallaɓai, ai takarda takarda ce, kowa ita yake saye." Na tura masa hoton saƙona da hoton abin da ya aiko. Ya ce waccan ta ƙare ne shi ya sa ya sako wannan don kada in jira. Na ce to me ya hana ka faɗa min kafin ka karɓi kuɗina? Ya ce ba sa karɓar kayan da aka buɗe. Yaya zan san abin da ke cikin baƙar leda ban buɗe ba? Daga nan sai ya koma karanta saƙo ba ya amsawa. Mutumin da sana'arsa ke nan, ya san sarai takarda ita ce rabin aikin. Wannan hanyar tace gahawa da takarda ma ta faro ne lokacin da wata mata mai suna Melitta Bentz a Jamus ta gaji da gari a kofinta ta tace da takardar shan tawada a 1908. Mazurari marar takardarsa kwalliyar kanta ne kawai.

Kwana 11 na yi haka. Na zagaya manyan kantunan da na sani a cikin gari, babu mai ita, wasu ma ba su gane me nake nema ba. Na gwada sabon farin ƙyalle da na tafasa. Yana tacewa, amma man gahawar da takarda ke tarewa yana wucewa, kofin ya yi nauyi, wannan tsabtar ɗanɗanon da ta sa na so abin ta tafi, ga wanki kullum, in ka bar shi ya bushe da mai a jiki kuma ya yi ɗoyi. A kwanakin nan ne na fara ganin sauran laifuffukan da daɗi ya rufe min ido a kansu. Sikelin da ya haɗo min yana kashe kansa in ka ɗan dakata, sau da yawa ina tsakiyar jiran kumburin gari zai mutu, in rasa ruwa nawa na zuba. Murfin butar ba ya zama, sai ka danne shi da yatsa tururi na dukanka. Kuma abin kofi ɗaya ko biyu ne, ran da baƙi huɗu suka zo sai ka wuni a tsaye. A lokacin, da a ce wani ya tambaye ni, ce masa zan yi ya riƙe kuɗinsa.

Ƙanwata ce ta samo min takardar V60 ta gaskiya a Legas ta ba wani mai zuwa ya kawo. Safiyar da na mayar da farar takardar mazauninta, ta zauna daram, ruwa ya sauka a minti uku, wannan karon da ƙwayar Habasha ta Yirgacheffe da ta haɗo min da ita, mai ƙamshi kamar fure da ɓawon lemo, na ji zuciyata ta sauko. Tsakani da Allah mazurarin bai yi min laifin komai ba. Bai tsage ba, bai canza launi ba, wankinsa ɗauraya ce kawai. Minti goman da nake yi tsakanin niƙa da kurɓar farko, kafin yara su tashi a fara neman safa da jakar makaranta, su ne lokacin da nake da shi ni kaɗai a yini, kuma ba na so in rasa su.

To amma ko yau da na buɗe kabad na ga ƙunshin takardun nan ruwan ƙasa, guda 97, sai da raina ya sake ɓaci. Kuɗina bai dawo ba, haƙuri ma bai ba ni ba. Tauraro huɗu nake ba mazurarin, ɗayan na cire shi ne saboda sanyin tangaran da kuma yadda ya ɗaure ni da abin da ba a samu a unguwa. Mai kayan ko ɗaya ba zan ba shi ba. Duk wanda zai saya a nan arewa, ya sayi na roba, ya sayi takarda ƙunshi biyu a rana ɗaya, ya sa a ɗauko masa hotonta a buɗe ya ga tsinin kafin ya tura ko sisi. Ni yanzu saura 13 a hannuna, na riga na kira ƙanwata tun shekaranjiya, Kawu kuma ya ce zai biyo ta nan bayan Sallah.