Daga Ingila: Yadda Ake Maganin Ciwon Waswasi ta Intanet

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga amsar tambayarka game da yadda ake kula da masu ciwon waswasi a nan Ingila, wato ciwon da likitoci ke kira OCD, wanda yake sa mutum ya yi ta wanke hannu har fata ta tsage, ko ya yi ta maimaita alwala saboda zuciyarsa ta ƙi yarda cewa ta cika. Na san dalilin tambayar, domin ni ma halin da ƙanwarmu take ciki yana hana ni barci.

A nan hukumar lafiya ta NHS tana da wani shiri mai suna Talking Therapies, wanda ya samo asali tun 2008, kuma mutum yana iya neman shiga da kansa ta intanet ba tare da ya biya ko sisi ba. Da yawa ana duba su ne ta bidiyo, ko a ba su darussa a waya, ƙwararre yana bibiyarsu mako-mako.

Aikin kansa ba hira ba ce ta kwantar da hankali, kuma a nan ne mutane suke kuskuren fahimta. Ana sa majiyyaci ya tunkari abin da yake tsoro daki-daki, misali ya taɓa hannun ƙofa, sannan ya daure ya ƙi wanke hannu, har zuciyarsa ta gane cewa fargabar tana lafawa da kanta ko bai biya mata buƙata ba. Abin yana da wuya ƙwarai, amma ta bidiyo yana da wata fa'ida da ofishin likita ba shi da ita, domin ana yin atisayen ne a cikin gidan da ciwon yake addabar mutum, a gaban famfon da ya saba tsayawa.

A 2012 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun gwada wannan hanya a kan mutum 101 na tsawon mako 10, inda kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita ta intanet suka samu sauƙi na a zo a gani, alhali kashi 6 ne kacal a cikin waɗanda aka bai wa shawarwari da lallashi kawai. Wani gwajin na 2022 ya nuna cewa darussan da babu ƙwararre a bayansu ba su kai ganawa ido da ido ba, saboda haka ban yarda da manhajar da za ta bar ƙanwarmu ita kaɗai ba.

A gida Najeriya kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a irin wannan atisaye kuma sun fi haka ƙaranci. Ana samun magunguna irin su fluoxetine, kuma suna taimakawa, sai dai darussan da na gani a nan duk da Turanci aka rubuta su, abin da yake damuna matuƙa.

Shawarata ita ce a fara kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar da ciwon, sannan a tambaye shi wanda ya iya wannan atisaye, ko da ta waya ce. Kafin nan, Yaya, ku rage amsa mata idan ta dawo tana tambaya ko hannunta ya fita, domin kowace amsa tana ƙara wa ciwon ƙarfi. Kuɗin data da na ganin ƙwararren, ni zan ɗauka.